Yatsu Uku da Baba Tsoho Ya Bar Mini

Idan aka ɗora man shanu a wuta ya fara narkewa, yawancin mutane tuwo suke tunawa. Ni kuwa ƙashi nake tunawa. Shekaranjiya mai ɗakina tana soya shi a tsakar gida, ƙamshin ya biyo ni har ɗaki, sai kawai na gan ni zaune a zauren kakana na wajen uwa a Aliero, ina ɗan shekara goma sha biyar, hannuna na dama a kan cinyarsa ya kumbura suntum.

Kakan nan nawa maɗori ne. Baba Tsoho muke ce masa, har 'ya'yan cikinsa ma haka suke kiransa. Idan ka shiga zaurensa za ka tarar da tabarmi jere a jikin bango, da damin tsagaggen kara a lungu, da tsummokara wankakku a rataye, da ɗan kaskon man shanu a kan garwashi wanda ba ya rabuwa da ɗumi. Daga Jega ake kawo masa mutane, daga Mungadi, daga Liba, wani a amalanke, wani a bayan babur an riƙe shi. Wanda ya faɗo daga mangwaro, wanda jaki ya harba, da 'yan kokawa idan kaka ta yi an cika rumbuna. Ba mutum ne mai yawan magana ba. Yakan lumshe ido ya bi ƙashi da babban yatsansa a hankali, kafin mai ciwon ya gama ba da labari shi ya riga ya san yadda aka yi. Ni dai tsakanina da shi tsokana ce. Kakata takan kira ni angonta, shi kuma ya ce ango da ko akuya bai ajiye ba ai ba abin tsoro ba ne.

A Jega muke zaune. Babanmu direba ne a tasha, mutum mai zafin nema, kuma bai taɓa ɓoye ra'ayinsa a kan karatuna ba. Ya ce zai bar ni har jarrabawar aji uku ta ƙaramar sakandare. In na ci, in ci gaba. In na faɗi, ga mota nan tana neman mai lodi. Ba da mugunta ya faɗa ba, haka shi ma aka yi masa. Amma ni ina son makaranta, kuma ina tsoron tasha har cikin raina.

A shekarar ne wani saurayi ya buɗe ajin karate a filin bayan firamaren unguwarmu. A kudu ya koyo, ya dawo da fararen kaya da baƙar ɗamara. Masta muke ce masa. Kafin in ci gaba bari in yi masa adalci, don na so mutumin nan, har yau kuma ina son sa. Shi ya koya mana zuwa wuri a kan lokaci. Ya hana mu zagi, ya hana mu taba, wanda bai yi sallar la'asar ba kuma ba ya shiga layi. Cikin wata uku jikina ya murje, ina iya gudu daga unguwarmu har bakin gada ban tsaya ba.

Sai dai ga yadda muke yi. Kowace Asabar mukan share filin tas, mu tsince duwatsu da ƙaya. Mu tuɓe takalma mu jera su a gefe, mu rusuna wa juna. Sannan a raba mu biyu-biyu. Ɗaya ya miƙo naushi ya tsayar da hannun a iska, ya daskare. Ɗayan ya kaɗe, ya kama, ya murɗa, ya sa ƙafa. Wanda za a kayar kuwa, don ladabi, tun kafin a tura shi ya riga ya kwanta. Idan aka zo gwajin faɗa, doka ita ce naushinka ya tsaya saura yatsa ɗaya ya taɓa fuska. Ka kuskura ka taɓa, tsallen kwaɗo za ka yi sau ashirin. Wata takwas na yi ina dukan iska da dukkan ƙarfina, ita kuma ba ta taɓa ramawa ba, don haka na ɗauka ba ni da na biyu a garin Jega.

Da hutu ya zo, lokacin cirar albasa, na tafi Aliero kamar yadda na saba. Wanda bai taɓa zuwa garin a wannan lokaci ba ba zai gane ba. Ƙaurin albasa a riga, a ruwan sha, a gashin kai. Zafin bazara ya fara, kowace rumfa an shimfiɗa albasa tana shan iska. Ban ko huta ba na kama ɗan kawuna na koya masa yadda zai miƙo hannu, na ja shi ƙofar zaure don in nuna wa tsoho abin da duniya take ciki. Yana zaune yana tsaga kara da 'yar wuƙarsa. Na kayar da ɗan kawuna sau uku, da ihu da komai.

Baba Tsoho ya nuna shi da wuƙar ya ce, "To shi wanga, mi shika jira da hannu miƙe?"

Na ce, "Jira yake in kama."

Ya ce, "Af. Ashe da shawara aka yin hwaɗan."

Na ji dariyar kakata daga cikin gida. Sai ya kira ni, ya ce in dunƙule hannu. Ya danna wani siririn ƙashi a bayan hannun, daidai ƙasan ɗan ƙaramin yatsa. Ya ce, "'Yan dambe da kag gani suna naɗe hannu da zare, ba ado na ba. Kan mutum ya hi wanga ƙashi ƙarhi." Na ce to. A raina kuwa cewa na yi tsoho ina ya san ilimin ƙasashen waje.

Saura mako huɗu da 'yan kwanaki jarrabawa, kawuna ya ɗauki lodin albasa zuwa kasuwar Maiyama, na bi shi don in ga gari. Muna tsaye ana sauke buhuna, wani ɗan dako, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni, ya juyo da buhu a kafaɗa ya mangare ni. Na zube cikin tsibin albasa, ƙafafu sama. Mutane suka kwashe da dariya. Gaskiyar magana yaron ya ce mini sannu, na ji da kunnena. Amma ni wata takwas ina ɗauke da karate ban sami inda zan sauke ba.

Ka san abin da na fara yi? Takalma na tuɓe. Na jera su a gefe tsaf, a tsakiyar kasuwa, a kan ƙasar da rana ta gasa, ga tsakuwa ga ɓawon albasa mai santsi. Har na ɗan rusuna, don jikina bai san wata hanyar fara faɗa ba. Na gyara tsayuwa ina jira ya miƙo hannu. Bai miƙo ba. Da ya ga da gaske nake, sai ya sunkuyar da kai ya taho mini yadda yaran ƙauye suke shiga kokawa. Na saki naushi da iya ƙarfina, karo na farko a rayuwata da ban tsayar da shi ba, ya sauka a tsakiyar goshinsa. Na ji ƙas, kamar an karya karan dawa. Yaron ya sure ni ya ajiye a kan buhuna, ya ja baya yana shafa goshi ya ce, "Lahiya kake kau?" Shi ne ma ya ɗauko mini takalmana.

Kafin mu isa Aliero hannun ya zama kamar an hura shi. Ciwon bai dame ni ba kamar yadda lissafin kwanaki ya dame ni. Hannun dama ne, da shi nake rubutu.

Baba Tsoho bai ce ai na gaya maka ba. Da ya faɗa ma da na fi samun sauƙi. Ya lumshe ido ya bi ƙashin, ya tsaya daidai inda ya danna kwanakin baya. Ya sa kawuna ya riƙe kafaɗuna, ya yi bisimilla, ya yi tofi, ya ja yatsan. Ihun da na yi ya tashi tattabarun maƙwabta. Kakata ta leƙo ta ce angonta yau ya yi ihun gaskiya, na ran nan na wasa ne.

Ana cikin haka babanmu ya iso daga Jega, an aika masa. Ya tsaya a bakin zaure bai ko zauna ba, ya gaida surukinsa, ya dube ni ya ce, "To shi ke nan, an huta. In hannun ya warke sai ka same ni tasha." Hawaye kawai nake yi.

Al'adar Baba Tsoho idan irin wannan karaya ce, yakan jera kara ya ɗaure hannun gaba ɗaya har kan yatsu. Ya riga ya shafa man shanu ya ɗauko karan, sai ya dakata. Ya ce, "Da yatsu nawa aka rubutun bokon naku?" Aka nemo biro a aljihun kawuna. Na riƙe da ƙyar. Ya daɗe yana kallon riƙon, ta sama, ta ƙasa. Sannan ya ɗauki wuƙa ya rage karare, ya fere su sirara, ya ɗaure gefen da ya karye da yatsu biyu na ƙarshe, ya bar mini babban yatsa da biyun da ke binsa a waje. Ya dubi babanmu ya ce, "Ƙashi na Allah na, ni dai na aza shi wurinai. Bar min shi nan har ranar jarrabawa. In yak kasa, ni da kaina nika kawo ma shi tasha." Babanmu ba ya musu da surukinsa. Ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya ba da lafiya.

Kwana goma Baba Tsoho bai bar ni na taɓa komai ba. Da kumburin ya saɓe, na ɗauki biro na rubuta sunana da na makarantarmu, na kai masa ina murna na ce ai na iya. Shi bai san boko ba, ajami da Alƙur'ani ne karatunsa. Ya juya takardar ya ce, "Jarrabawar, layi biyu ta?"

Na ce a'a, wata takardar awa biyu ake yi.

Ya ce, "To awa biyu za ka yi. Nan ba irin wasanku za mu yi ba."

Washegari ya aika aka aro tebur da benci daga wajen wani maƙwabcinsa malamin firamare. Na zaci a zaure za a ajiye, inda akwai sanyi. Ya tambaye ni ɗakin jarrabawarmu da me aka rufa shi, na ce kwano. Sai ya sa aka kai teburin ƙarƙashin rumfar kwano da ake tara buhuna, da hantsi, daidai lokacin da ake zana jarrabawa. Ya karɓi agogon kawuna ya ajiye a gabansa. Ya ce in buɗe littafi in yi ta kwafa, kada in tsaya.

Ban kai kwata na awa ba. Ashe mai rubutu a kan gefen hannunsa yake jingina, ni kuma gefen nan ne a karye. Duk layin da na ja sai karan ya gogi takarda, zafi ya harba har gwiwar hannu. Gumi ya jiƙa yatsun, biro yana zamewa. Na jefar da shi na kifa kai a tebur. A ranar na tabbata tasha zan tafi.

Ya bar ni na gama kukana. Sannan ya shiga ya ɗauko allonsa da alƙalamin gamba, ya zauna kusa da ni ya ja baƙi biyu. Ya ce in duba hannunsa. Ko kaɗan bai taɓa allon ba, don tawada ɗanya ce, a sama yake shawagi, yatsu uku ne kawai suke aiki. Ya naɗe wani tsumma ya sa mini a ƙarƙashin dantse, ya ɗaga hannuna daga takardar. Rubutun ya fito kamar kaza ta bi ta kai, amma ana karantawa.

Haka muka yi ta yi kullum. Rabin awa, sannan awa ɗaya saura kaɗan, sannan awa. Masu jinya da ke kwance a zaure suka mayar da ni abin kallo. Akwai wani dattijo daga Gumbin Kure da ya karye a cinya, ya sa aka jawo tabarmarsa bakin ƙofa, da na ɗaga kai sai ya ƙwala wa Baba Tsoho kira, "Malam, ga shi can yana satar hutu!" Yara suna wasa suna hayaniya a kusa, na roƙa a kore su, Baba Tsoho ya ce in na tabbata ranar jarrabawa duniya za ta yi shiru sai ya kore su. Amma fa ba azabtarwa yake yi ba. Lokaci-lokaci yakan taso ya ɗora yatsa a kan ɗaurin. In ya ji wurin ya ɗauki zafi sai ya zare biron daga hannuna ya ce na yau ya isa, ko da ni ina so in ci gaba. Ya san inda wahala take ƙarewa ɓarna ta fara, kuma bai taɓa bari na tsallaka ba.

A mako na uku Masta ya zo duba ni. A keke ya taho tun daga Jega, da ledar lemo a rataye. Ya durƙusa ya gaida Baba Tsoho, ya miƙa hannu biyu. Tsoho ya riƙe na daman bai saki ba. Na ga ya lumshe ido, babban yatsansa yana bin ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya. Na san abin da yake karantawa.

Ya ce, "Ɗana, ka taɓa bugun mutum da hannun ga? Bugu na gaske?"

Masta ya dube ni, ya dubi ƙasa. Ya ce, "A'a Baba. Ban taɓa ba."

Na ji kunya ta kama ni kamar ni aka tambaya. Baba Tsoho kuwa sai ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Alhamdu lillahi. Allah shi sa har ka koma gare shi ba ka buga ba. Amma ka hwaɗa ma yaran. Su ba su sani ba, gani sukai kamar kullum cikin yaƙi kake."

Masta bai tafi ba sai da ya ga na cika awa ɗaya da rabi a rumfar nan. Ya zauna a kan buhu yana kallo, gumi yana zubar masa shi ma. Daga baya abokaina suka ba ni labari cewa Asabar ɗin da ta biyo baya ya tara su ya faɗa musu da bakinsa. Kusan rabin ajin suka daina zuwa. Waɗanda suka rage, ya nemo musu tsofaffin katifu da soso na naɗe hannu, ya gayyato wani ɗan kokawa daga Liba ya riƙa zuwa yana kayar da su, har da shi Mastan. Ya kuma ƙara darasin da a da babu: yadda za ka ba da haƙuri ka wuce, da takalmanka a ƙafa.

Ranar takardar farko, zafin ya zo mini a daidai lokacin da na san zai zo, bayan awa ɗaya da 'yan mintoci. Na san shi, na san ba zai wuce haka ba. Na ajiye biro na ƙirga goma, na gyara tsummana, na ci gaba. Ba zan yi maka ƙarya in ce na zo na ɗaya ba, amma na ci. Ranar da sakamako ya fito, da yamma sai na ga babanmu ya ajiye mini sabon takalmin makaranta a ƙofar ɗakina.

Yanzu ni malamin sakandare ne a Jega. Wuraren koyon karate da ire-irensa sun yawaita, da tabarmin roba, da safar hannu, da hular kare kai, yara kuma suna kallon faɗan duniya a waya. Iyaye da suka san na taɓa yi sukan tambaye ni wanne za su kai 'ya'yansu. Nakan je in zauna a gefe. Ba na duba launin ɗamara. Ina duba ko mai kawo bugu yana daskarewa ya jira, ko yaran suna gajiya su ruɗe su sake tashi, ko malamin ya san lokacin da zai ce ya isa, ko kuma yana iya cewa wannan ban sani ba. Wasu wuraren sun fi namu nesa ba kusa ba. Wasu kuwa har yau iska ake duka, kayan ne kawai suka ƙara kyau.

Baba Tsoho ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Ɗan kawun nan nawa da na kayar sau uku shi ne yake zaune a zauren, kuma ba ya taɓa ƙashi sai an kawo masa hoto daga asibiti. Ni kuma hannun ya warke tun tuni, amma ban iya komawa rubutun da ba. Har yau a sama nake riƙe shi, yatsu biyu a lanƙwashe, uku suna aiki. Na san ɗalibaina suna kwaikwayona idan na juya baya. Kwanaki wata yarinya a aji ɗaya ta yi ƙarfin hali ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wa ya koya maka riƙe alli haka?"

Na ce mata wani tsoho ne, wanda bai iya karanta ko harafi ɗaya na abin da nake rubutawa ba. Suka yi dariya, sun zaci wasa nake. Na juya ga allo na daɗe ina gogewa, alhali babu sauran komai a kansa.